Zinaren Asante da Kujerar da Ta Gagari Turawa

Mu mazauna Suame mukan wuce ta fadar Manhyia ba tare da mun tuna abin da zinare ya jawo wa Kumasi ba. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone garin, suka kwashe kayan fada, suka kuma ɗora wa Asante tarar oza 50,000 na zinare. A 1900 Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinare, sai Yaa Asantewaa ta ja yaƙi. An ci Asante, amma kujerar tana ɓoye, ba ta shiga hannun Turawa ba.

Abin ya yi kama da na Inka a ƙasar Peru. Sarki Atahualpa ya tara zinare mai yawa don ya fanshi kansa, duk da haka Sifaniyawa suka kashe shi a 1533. Har yau akwai masu farautar ragowar dukiyarsa.

Kada mu ɓoye wa 'ya'yanmu cewa akwai sojojin Hausawa cikin rundunar Turawa a yaƙe-yaƙen Asante. A 2024 gidajen tarihin Landan sun maido da kaya 32 Manhyia, amma da sunan aro. Mu zaunar da yaranmu, mu ba su labarin duka.