Kafaffiyar Hanya a Sadarwar Kwamfuta da Dalilin Kiranta Haka

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule cikin sadarwar kwamfuta. Akan yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowanne da adireshin inda za shi. A kowace mararraba kuwa akwai wata na'ura da ake kira rauta, wadda ke duba adireshin, ta duba jadawalin hanyoyin da ke cikinta, sa'an nan ta miƙa ƙunshin ga rauta ta gaba.

To, wa ke cika jadawalin nan? Wani lokaci rautocin ne ke gaya wa juna, kamar yadda suke yi a ƙa'idar RIP da aka rubuta cikin 1988, inda kowacce ke sanar da maƙwabtanta hanyoyin da ta sani duk bayan daƙiƙa 30. Wani lokaci kuma mai kula da sadarwar ne ke rubuta hanyar da hannunsa, ya ce duk ƙunshin da za shi wuri kaza a miƙa shi ga rauta kaza. Wannan ita muke kira kafaffiyar hanya. Makarantar da layi ɗaya tak ya haɗa ta da intanet ba ta bukatar wata sanarwa, sai a rubuta mata 0.0.0.0/0, watau duk abin da ba na gida ba ya fita ta ƙofar nan. Na'urorin Cisco kan ba kafaffiyar hanya daraja ta 1, RIP kuwa 120, ga shi ƙaramar lamba ake fifitawa.

Aibinta shi ne ba ta jin labari. In layi ya yanke can gaba, rautar za ta yi ta tura ƙunshi yana salwanta har mutum ya zo ya gyara.

A nan ne zancen suna ya shigo, kuma ya kamata malamai su lura da shi tun bai zauna a bakin ɗalibai ba. Mai fassara zai iya cewa "tsayayyiyar hanya", amma a ganina bai dace ba. Aikatau "tsaya" ƙi-karɓau ne, abu da kansa yakan tsaya. "Kafa" kuwa so-karɓau ne, ba a cewa kafaffe sai da wanda ya kafa. Ɗalibin da ya ji "kafaffiya" lalle zai tambaya wa ya kafa ta, kuma wurinsa za a nufa ran da layi ya yanke.