Jujin Birni Abincin Gona: Yadda Leda Ta Shiga Tsakanin Kano da Takinta

A ƙarshen rani, daga watan Maris zuwa Mayu, duk matafiyin da ya fita daga birnin Kano ta hanyar Katsina, ko ta Haɗeja, ko ta Wudil, zai riƙa ganin ƙananan tsibi-tsibi na baƙar ƙasa an jera su cikin gonaki suna jiran ruwan shuka. Wannan shi ne taki, kuma da yawa daga cikinsa sharar birni ce da aka kwaso daga juji. A can da, tsibin nan toka ce da kashin awaki da ruɓaɓɓen kara. Yau kuwa, in iska ta kaɗa sai a ga baƙar leda da farar ledar ruwa suna tashi daga kansa, suna maƙalewa a jikin ƙaya da shingen gona, har gonar ta zama kamar an yi shanya a cikinta.

Dangantakar birnin da ƙauyukan da ke kewaye da shi a kan sha'anin taki tsohuwa ce ƙwarai. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya kuwa yaba albarkar ƙasar da yawan mutanenta. Fiye da shekara ɗari bayansa, Michael Mortimore, wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya duƙufa a kan wata tambaya a shekarun 1960: yaya aka yi ƙasar da ke kewaye da Kano, wadda yawancinta jigawa ce, take ɗauke da jama'a maƙil, ana noma ta kowace damina ba a barin ta ta huta, amma ba ta mutu ba? Wani babban ɓangare na amsar yana bisa bayan jaki. Da sassafe jakuna kan shigo ta ƙofofin gari da itacen girki da hatsi, in za su koma sai a cika mangala da taki daga gidaje da turaku da jujin unguwanni. Watau birni ya ci abin da gona ta ba shi, sa'an nan ya mayar mata da saura.

Ba wata hukuma ce ta tsara wannan ba. En'e tana da ma'aikatan shara, duba-gari kuma yana shiga gida gida yana leƙa randa da kwata, ana shakkarsa ainun. Amma abin da ya fi rage juji shi ne cewa sharar tana da mai so. Sa'an nan ita kanta sharar ba ta da yawa, domin gidan Bahaushe na wancan zamani ba ya zubar da abu sai ya ƙure amfaninsa. Dussa da ruwan tsari na dabbobi ne. Ƙanzo a jiƙa a ci. Gwangwani ya koma fitila ko mazurari, tsohuwar taya ta koma takalmi, tsumma ya koma gammo. Ƙosai a ganye ko a takarda ake ƙunshe shi, cefane kuwa a kwando ko ƙwarya. Kusan duk abin da ya kai ga juji, in an bar shi, zai ruɓe ya koma ƙasa.

Abubuwa biyu suka taru suka raunana wannan tsari. Na farko takin zamani. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo a 1976, da shirin bunƙasa noma na Alhaji Shehu Shagari a 1980, gwamnati ta riƙa sayar da takin buhu da rangwame mai yawa, har manoma da dama suka ga babu dalilin wahalar da jaki. Na biyu, wanda ya fi muni, ita ce leda. Ta fara shigowa a hankali a matsayin abin burgewa, sa'an nan a shekarun 1990 ruwan leda ya game gari, daga nan komai ya koma cikinta: koko, miya, manja, fura, har da magani. Leda ba ta ruɓewa cikin shekara ɗaya ko goma. In ta shiga gona tana hana ruwa ratsa ƙasa, tana tare saiwar shuka, tana naɗe bakin garma. Akuya ko saniya in ta haɗiye ta, sai ta dunƙule a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Mahauta sun fi kowa sanin irin ƙullin da suke cirowa. In kuma ta shiga lambatu, ta toshe shi, ruwan sama ɗaya ya isa ya shigar da ambaliya cikin ɗakunan mutane, ya bar kwatami inda sauro zai yi ƙwai.

Duk da haka manoma ba su daina neman sharar birni ba, sai dai tifa ta maye gurbin jaki a tafiya mai nisa. Manomi kan biya direba ya juye masa lodi a bakin gona, ya cinna wa tulin wuta, sa'an nan shi da 'ya'yansa su bi da manjagara da hannu suna tsince leda da kwalba da ƙarfe. A nan ake yin hasara biyu. Wuta tana cinye ainihin abin da ƙasa ta fi buƙata, watau ruɓaɓɓen ganye da sinadarin naitirojin, ta bar toka kawai. Hayaƙin leda kuma guba ne ga mai shaƙarsa. Ban da wannan, sharar da aka cakuɗa tana zuwa da tsofaffin batura masu ɗauke da dalma da sauran ƙarafa masu cutarwa, da allurai da fasassun kwalaben magani. Abin da ya shiga ƙasa kuwa yana iya shiga latas da alayyafo, ya dawo kasuwar Yankaba.

Hukumomi sun daɗe suna ɗaukar al'amarin a matsayin aikin kwasa kawai. A watan Maris na 1984 gwamnatin Manjo-Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 1985 kuma aka buɗe babinsa na tsabtar muhalli a birnin Kano. Daga wannan zamani ne al'adar fitowa shara ran Asabar ɗin ƙarshen wata ta kafu a jihohi da yawa. Lalle an ga amfaninta, amma kowa ya san yadda abin yake ƙarewa: a yashe lambatu a tara a bakin titi, motar kwasa ba ta zo ba, ruwa ya sauko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Hukumar kwashe shara ta Jihar Kano, REMASAB, ko motoci nawa aka saya mata, ba za su shiga lungunan cikin ganuwa ba, inda wani wurin baro ma da ƙyar yake wucewa. Wanda ke son ganin ƙarshen hanyar kwasa da jibgewa ya dubi jujin Olusosun da ke Ojota a Ikko, wanda ya kama da wuta a watan Maris na 2018, hayaƙi ya turnuƙe unguwanni kwana da kwanaki. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun tara shara tan miliyan 174 a 2016, kuma adadin zai ninka kusan sau uku kafin 2050. Rahoton ya nuna cewa a ƙasashe marasa ƙarfi fiye da rabin shara ragowar abinci ce da ganye. Ma'ana, fiye da rabin abin da ake sayen man mota don a kai shi bayan gari, taki ne da bai nuna ba.

To, ina mafita? Tana farawa daga tsakar gida, kafin tsintsiya ta haɗa komai wuri guda. Mazubi biyu sun isa: ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɓawon doya da na albasa, ragowar kayan miya, ganye, kashin kaji da na awaki, ɗaya na leda da roba da gwangwani da kwalba. Batir da allura kuwa a ware su dabam. Rarrabewar da ke cin manomi kwana uku a bakin gona, uwargida za ta yi ta ba tare da ta ƙara wa kanta wani aiki ba, muddin ta tabbata mai kwasa ba zai sake haɗe su cikin baro ɗaya a ƙofar gida ba. Wannan sharaɗi shi ne ya kayar da shirye-shirye da yawa.

Dafa takin kansa ba sihiri ba ne. Sir Albert Howard, wani masanin noma ɗan Ingila, ya tsara hanyar a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, bayan ya daɗe yana lura da yadda manoman can suke yi. Ana samun inuwa, a haƙa rami mara zurfi ko a yi tsibi mai faɗi da tsawon kamar mita ɗaya da rabi. A shimfiɗa busasshen abu, kara ko ganye ko ɓuntun shinkafa, a ɗora ɗanye a kai, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har tsibin ya tashi. Toka in ta yi yawa tana korar naitirojin, don haka ba a cika hannu. Ruwan kuma daidai wanda in an damƙi takin za a ji danshi amma ba zai ɗiga ba. Cikin 'yan kwanaki tsibin zai ɗau zafi da kansa, har ya kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa. A soka sanda a tsakiya. In an zaro ta da ɗumi da danshi, aiki yana tafiya. Ana juya shi duk bayan mako biyu ko uku don iska ta shiga, in ba haka ba sai ya yi ɗoyi. Bayan wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, mai laushi, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. A Kano babbar wahalar ita ce rani, lokacin da iska ke busar da tsibi cikin kwana biyu. Sai an rufe shi da tsohuwar tabarma ko zana, ana bin sa da ruwan wanke-wanke mara sabulu da yawa.

Sai dai kada a yaudari kowa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, domin kashi 46 cikin ɗari ne. Takin shara mai kashi ɗaya cikin ɗari, sai an tara fiye da tan biyu kafin a sami wannan. Amfaninsa yana wani wuri ne: yana sa jigawa ta riƙe ruwa, yana hana takin zamani zurarewa ƙasa da ruwan farko, ƙuduji kuma ya fi addabar gonar da ta gaji. Manoman da suka haɗa biyun su suka fi cin riba, musamman tun 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa farashin takin buhu ya yi tashin gwauron zabo. Amma da yake kaya ne mai nauyi, kuɗin mota yana iya cinye ribar. Saboda haka ƙananan wuraren dafa taki a unguwanni da bakin kasuwanni da mahauta, kusa da hanyar gona, sun fi babbar masana'anta guda dacewa da birni irin Kano. A Ibadan an gwada makamancin haka a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da gwamnatin Jihar Oyo ta kafa wurin sarrafa sharar kasuwar Bodija da ta mahautarta zuwa taki.

Ɗaya mazubin, na roba da ƙarfe, ya riga ya sami masu shi. 'Yan bola da 'yan gwangwan suna yawo da kura lungu lungu, suna saye ko musaya, su kai wa dillalai, daga nan kaya su wuce masana'antu a narka. Da tsofaffin gwangwanayen alminiyam ake zuba tukwanen da ke dafa abincin biki. Sana'a ce da ake yi wa kallon raini, ana kuma zarginta, wani lokaci da gaskiya, da sayen kayan sata. A watan Janairu na 2025 hukumar babban birnin tarayya ta hana 'yan bola yawo a cikin garin Abuja saboda irin wannan ƙorafi. Amma in aka kore su duka, robar da suke ɗauka lambatu za ta koma. Abin da ya fi shi ne mai unguwa ya san su, a yi musu rajista, a ba su safar hannu da takalmi, a hana sa yara ƙanana tonon jujin da ke da sharar asibiti. A Ikko, wani kamfani mai suna Wecyclers da Bilikiss Adebiyi-Abiola ta kafa a 2012 ya fara da kekuna masu ɗaukar kaya, ana auna robar da gida ya tara, a ba shi maki da zai musanya da kayan amfani. Mutanen da ba su taɓa jin huɗubar tsabta ta motsa su ba, sai ga su suna ajiye gorar ruwa a buhu.

Ledar ruwa da baƙar ledar cefane su ne ƙashin wuya, domin ba su da nauyi a sikeli, mai tsinta sai ya yini kafin ya haɗa abin kirki. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Ikko kuma ta hana farar robar zuba abinci a watan Janairu na 2024. Ko Kano za ta bi wannan hanya, magana ce da ke gaban 'yan majalisarta da 'yan kasuwarta.

Abin da ya rage shi ne fili. Jujin unguwanni da yawa an yanka su an sayar, kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike su da shara an yi gini a kai. Tsibin taki yana buƙatar wuri mai inuwa, da rijiya ko famfo a kusa, da wanda zai tsaya a kansa wata uku ana biyansa daga kuɗin takin. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai da ke fitowa gayyar yasar lambatu kafin damina suna da ƙarfin yin aikin, amma ba su da ikon ba da fili. Wannan yana hannun hukumomi, kuma a kowace shekara filayen da suka saura cikin birni raguwa suke yi.