Yadda Hanji Yake Aika Saƙo Zuwa Fankiriyas

A bayan tumbi akwai wata tsoka doguwa da likitoci ke kira fankiriyas. Ba ita ce saifa ba. Kowace rana tana zuba ruwa fiye da lita ɗaya cikin ƙaramin hanji don a narkar da abinci. To, wa yake gaya mata lokacin da za ta zuba, da yawan da ake bukata? Hanji ne da kansa.

Saƙo na farko: tsami ya iso

Abincin da ya fito daga tumbi yana da tsami ƙwarai. In aka bar shi haka, zai ƙona bangon hanji. Da tsamin ya taɓa bakin hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari mai suna sikiritin cikin jini. Jini ya kai shi ga fankiriyas, ita kuwa ta zubo ruwa mai kashe tsami, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa.

Bayliss da Starling ne suka gano wannan a Landan a shekarar 1902. Sun yanke jijiyoyin wani yanki na hanjin kare, suka zuba tsami a ciki, amma fankiriyas ta zubo ruwanta. Ashe saƙon ta cikin jini ya bi. Irin waɗannan ƴan saƙo ne ake kira homon.

Saƙo na biyu: mai da nama sun iso

Idan abincin yana da mai ko furotin, kamar nama, ƙwai da wake, hanji yakan saki wani ɗan saƙo, CCK. Shi ne ke sa fankiriyas ta zubo sinadaran narkarwa, ya kuma matse madaciya.

Abin da ɓeraye suka koya mana

A 1972 Green da Lyman a Amurka suka yi gwaji da ɓeraye. Da suka hana ruwan fankiriyas shiga hanji, sai ta ƙara zuba shi da yawa. Da suka mayar da tirifsin, sinadarin da ke narkar da furotin, sai ta lafa. Wato hanji yana lura: in tirifsin ya isa, ya daina aike; in ya gaza, ya ƙara.

Ɗanyen waken suya, wanda wasu ke kira waken soja, yana da wani abu da ke ɗaure tirifsin. Ɓerayen da aka ciyar da shi ɗanye ba su girma sosai ba, fankiriyas ɗinsu kuma ta ƙara girma saboda aiki ba hutu. Wuta tana lalata mafi yawan wannan abu.

Abin da za ku yi

1. Uwa, kafin ki sa garin waken suya a kunun yaro, ki dafa waken ko ki soya shi sosai.
2. Masu awara su bar ruwan waken ya tafasa da kyau.
3. Ku guji giya, domin tana lalata fankiriyas.
4. Ku zo asibiti da sauri idan kuna jin ciwo mai tsanani a saman ciki yana ratsawa zuwa baya, musamman da amai.
5. Haka kuma idan bayan gida ya zama fari-fari, mai maiƙo da wari, mutum yana ramewa alhali yana ci.

Ciwon da aka gano da wuri ya fi sauƙin magani.