Land Cruiser mai ƙayyadadden adadi: Nawa za ta yi idan ta taka yashin Maigatari?

Duk ranar Alhamis, idan la'asar ta yi sanyi aka gama lodin shanu a tirelolin da za su nufi kudu, hirar kasuwar Maigatari takan koma teburin mai shayi da rumfunan 'yan canji. A nan ake jin yadda riɗi da zoɓo suka kwana, a nan ake sanin nawa sefa ta kai. Yanzu kuma an samu ƙarin abin musu: hoton wata mota a waya, kalar yashi, mai zagayayyun fitilu irin na motocin da, ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu.

Motar Toyota Land Cruiser ce samfurin 250, wadda a nan aka fi sani da Prado, amma ƙirar musamman da kamfanin ya raɗa wa suna First Edition, ya kuma ƙayyade adadin da zai ƙera. Akasarin masu musun ba su taɓa ganinta ido da ido ba. Hakan bai hana su yanke mata farashi ba. Wasu na ganin tunda ba ta da yawa, duk wanda ya mallake ta ya ajiye zinare ne a gareji. Wasu kuma na ganin mota mota ce, ranar da ta fara shan yashi ranar ta fara zubar da kuɗinta.

Musun ba na raha kaɗai ba ne. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar akwai 'yan kasuwar da ke neman inda za su adana dukiya tun da Naira ta fara zamewa. Tambayar da ke gabansu ita ce: wanda ya sayar da shanu ko buhunan riɗi ya zuba kuɗin a irin wannan mota, da me zai fita bayan shekara uku?

Abin da aka tabbatar game da motar

Toyota ta fara nuna samfurin 250 a watan Agustan 2023, ya shiga kasuwa a 2024. Daga cikin ƙirar First Edition, an ware wa Amurka guda 5,000, Turai guda 3,000, Japan kuma guda 8,000.

A Amurka an sa mata farashin Dala 74,950, alhali a 2024 mai bi mata a daraja tana kan Dala 61,950, mafi araha kuma Dala 55,950. Abin da mai saye ya samu a kan wannan ƙari shi ne kariyar kaya a saman rufi, ƙarafan kare gefe da ƙarƙashin mota daga duwatsu, kujerun fata, da tambarin sunan a cikin mota. Inji da giya duk iri ɗaya ne da na sauran 'yan uwanta.

Akwai kuma abin da masu yaɗa hoton ba su cika sani ba. A Amurka, mafi arahar cikin ukun ita ma zagayayyun fitilu gare ta. Ke nan ganin fitila a hoto bai isa ya tabbatar wa mutum cewa ƙirar musamman yake kallo ba.

Sannan suna ɗaya ne, amma abin da ke ƙarƙashin bonet ya bambanta. Ta Amurka injin fetur ce mai lita 2.4 da turbo, haɗe da batiri da motar lantarki. Ta Turai injin dizal ce mai lita 2.8. Wannan bambanci zai yi tasiri a farashinta a nan fiye da kowane tambari.

Hujjar masu cewa za ta ƙara tsada

Masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba. Lokacin da babbar Land Cruiser samfurin 300 ta fito a 2021, dilolin Toyota a Japan sun riƙa sa masu saye hannu a takardar alƙawarin cewa ba za su yi saurin sayar da ita ko fitar da ita waje ba. A farkon 2022 kamfanin da kansa ya ba da haƙuri cewa wanda ya yi oda a Japan zai iya jiran shekara huɗu. A irin wannan yanayi, wanda ke da mota a hannu shi ke faɗin farashi.

Suna kuma kawo misalin samfurin 70, tsohuwar jarumar sahara da ake ƙerawa tun 1984. A 2021, don cikar Land Cruiser shekara 70 da kafuwa, an fitar wa Ostireliya ƙirar tunawa guda 600 kacal. A 2024 kuma kamfanin ya sanar da cewa zai daina sa wa samfurin injin dizal mai silinda takwas, abin da ya sa masu sha'awa a can suka ɗauki waɗanda suka rage a matsayin abin ajiya.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tsadar da jira ya haifar takan sauka idan kaya suka wadata. Tsadar da sha'awa ta haifar kuma tana buƙatar mutanen da za su sayi mota su rufe ta da tampol, su riƙa ƙirga kilomitar da ta yi. Irin waɗannan masu saye suna Tokiyo da Dubai. A tsakanin Gumel da Damagaram, mota don aiki ake sayenta.

Sitiyari, mai da bakanike

Abu na farko da hoto ba ya faɗa shi ne ɓangaren da sitiyari yake. Motocin Japan da Ostireliya da Afirka ta Kudu sitiyarinsu a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, dokokin hanya kuma ba su amince da mota mai sitiyari a dama ba. Nijar ma a hannun dama ake tuƙi. Duk wanda ya kawo irin wannan mota sai ya kai an juya sitiyari, kuma motar da aka taɓa wa sitiyari da wayoyi ta riga ta rasa abin da ya sa ake kiranta ta musamman.

Na biyu shi ne mai. Injin dizal na Turai an tsara shi ne don mai mai tsabta sosai, yana da matatar hayaƙi da ke toshewa idan man bai da kyau, yana kuma buƙatar wani ruwa da ake kira AdBlue. Mazauna bakin iyaka sun san halin da ake shiga. A watan Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, jama'a da dama suka koma sayen na galan a hannun 'yan bumburutu. Injin da ba ya jure man galan ba zai yi farin jini a wannan yanki ba.

Na uku shi ne gyara. Abin da ya sa tsohon injin 1HZ mai lita 4.2, wanda ake ƙerawa tun 1990, yake da daraja daga Kano har Agadas shi ne sauƙinsa. Ba shi da turbo, ba ya dogaro da kwamfuta, kuma bakanike zai iya kwance shi a gindin bishiya. Kayan gyaransa suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano. Mota mai batirin lantarki kuwa, idan ta nuna jar fitila a wani ƙauyen Sule Tankarkar cikin damina, sai an nemo mai na'urar bincike daga birni, wataƙila ma a jira kayan gyara daga Dubai.

Takarda ta fi tambari

Akwai wata fahimta da ke yawo cewa tunda Maigatari tana da yankin ciniki maras shinge, motar da ta biyo ta nan ta tsira daga haraji. Ba haka tsarin yake ba. Sassaucin da ake yi wa kaya a irin wannan yanki yana aiki ne muddin kayan suna cikinsa ko za a fitar da su waje. Da zarar sun shigo kasuwar Najeriya, kwastam za ta karɓi haƙƙinta.

Game da motoci ma lamarin ya fi haka tsauri. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa. A 2022 kuma kwastam ta fara amfani da lambar shasi wajen ƙiyasta kuɗin fito, wato lambar ce ke faɗin shekarar mota da samfurinta, ba bakin dillali ba.

Ita kanta iyakar ba kullum take buɗe ba. An rufe ta a watan Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe guda huɗu, Maigatari na cikinsu tare da Seme da Illela da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Wanda lissafinsa shi ne ya sayar wa mutumin Damagaram ko Agadas, to ya sa wannan a cikin lissafin.

Lambar shasin tana da wani amfanin. Sana'ar sauya wa tsohuwar jif fuska ta koma kamar sabuwa ta yi ƙarfi a Najeriya: fitilu, bamba, har da tambari duk ana sayarwa. Idan ana biyan ƙarin kuɗi saboda suna, za a samu masu liƙa sunan. Haka nan duk wanda aka nuna wa hoto a waya aka ce ya ba da kafin alƙalami kafin adadin ya ƙare, ya tuna cewa gaggawa ita ce jarin ɗan damfara.

Ribar da ba riba ba

Babbar hujjar da ake ji a bakin 'yan kasuwa ita ce wane ya sayi jif shekarun baya, ya hau ta son ransa, ya kuma sayar fiye da yadda ya saya. Hakan ya faru, amma a duba dalili.

Kafin watan Yunin 2023 Dala tana wajen Naira 750 a kasuwar bayan fage. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. A ɗauki misali don lissafi kawai: mutum ya sayi mota a kan Dala 60,000 lokacin canjin 750, wato Naira miliyan 45. Bayan ya more ta, darajarta ta sauka zuwa Dala 45,000. A canjin 1,500, Naira miliyan 67 da rabi ke nan. A ido ya ci ribar miliyan 22 da rabi. Amma idan ya so ya mayar da sabuwa irinta, sai ya nemo miliyan 90.

Motar ba ta ƙara daraja ba, Naira ce ta rage. Kuma wannan kariya daga faɗuwar kuɗi, duk wata mota mai farin jini ta ba da ita, har da Hilux ta gama-gari wadda ba ta da wani tambari. Idan Naira ta tsaya ko ta farfaɗo, abin da zai rage wa mai mota shi ne tsufanta.

A nan ne Bamaigatare ya fi kowa sanin bambanci. Sa ko saniya suna cin abinci su ƙara nama, saniya ta haihu. Buhun riɗi yana jiran farashi ya tashi. Mota kuwa ko tana tsaye tana cin inshora da batiri da taya.

Wa zai saya a hannunka?

Darajar kowace kadara tana hannun mai saye na gaba. A wannan yanki, masu sayen mota mai ja da tayoyi huɗu sanannu ne: 'yan kasuwar da ke shiga ƙauyuka neman amfanin gona, 'yan siyasa idan kakar zaɓe ta matso, ƙungiyoyin agaji, da direbobin sahara daga Nijar, waɗanda sefarsu ke daure da Yuro don haka takan yi ƙarfi duk lokacin da Naira ta yi rauni.

Buƙatar waɗannan direbobi ma tana bin abubuwan da ba su da alaƙa da ƙirar mota. Gano zinare a Jado a 2014 ya ja motocin a-kori-kura zuwa arewacin Nijar. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta sa an kama motoci da dama a Agadas, sannan aka soke ta a Nuwamban 2023. Waɗannan masu saye abin da suke dubawa shi ne ƙarfin shasi, lafiyar giyar taimako, yawan man da tanki ke ɗauka da sahihancin takarda. Daga cikin rukunin nan huɗu, ɗan siyasa ne kaɗai zai iya ƙara kuɗi saboda ado, shi ma yakan fi son wadda ta fi sabunta a shekarar.

Wannan ba ya nufin motar ba ta da kyau. Mai hali da ke sonta don jin daɗinsa, ya samu mai sitiyari a hagu, injin da ya dace da man da ake samu a nan, da cikakkiyar takardar kwastam, ba wanda zai ce ya yi kuskure. Wanda ya kamata ya sake tunani shi ne mai shirin taɓa jarinsa saboda an ce masa guda dubu kaɗan aka ƙera.

Kafin ya kai shanunsa kara ranar Alhamis mai zuwa, ya fara zuwa wurin bakaniken da ya amince da shi a Gumel ya nuna masa hoton, ya tambaye shi ko zai iya gyara ta. Amsar da ya samu a nan ta fi kusa da farashin da zai sayar da ita nan da shekara uku.