Kwana Biyar a Kan Keke a Tsaunukan Ruwanda: Yadda Wuni Ɗaya Yake Kasancewa

A gidajenmu keke abin aike ne: a kai niƙa, a sayo cefane, a tafi makaranta. Amma akwai masu ɗaure tanti da tukunya a bayan keke su yi kwana da kwanaki suna ratsa ƙauyuka. Yaranmu suna ganin hotunansu a waya, kuma kada ki yi mamaki in wata rana ɗanki da ya gama jami'a ya ce shi ma zai gwada. Kafin ki ce masa e ko a'a, ga yadda wuni ɗaya yake a ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin irin wannan tafiya a Afirka.

Hanyar tana ƙasar Ruwanda, wadda ake wa laƙabi da ƙasar tuddai dubu. Sunanta Congo Nile Trail, an buɗe ta a 2011, tsawonta kilomita 227 ne, daga garin Rubavu zuwa Rusizi, tana bin gaɓar Tafkin Kibu. Mai keke yakan yi kwana biyar, mai tafiya a ƙasa kuma kwana goma.

Da asuba

Tafkin yana kan tudun da ya kai mita 1,460 daga doron teku, wato ya ɗara Jos tsayi. Saboda haka sanyi ne yake tashin matafiyi, ya tarar raɓa ta jiƙe tanti. A sha shayi da ayaba da ƙwai, a naɗe kaya, sannan a duba birki da iskar taya da sarƙar keke. Wanda ya fita da sassafe ya ci rabin aikinsa kafin rana ta yi zafi.

Daga hantsi zuwa azahar

Zangon farko, daga Rubavu zuwa ƙauyen Kinunu, kimanin kilomita 40 ne, kamar daga Kano zuwa Wudil. Sai dai a can babu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Hawa ne da gangara, kuma mafi yawanta hanyar jar ƙasa ce mai tsakuwa, a tsakanin gonakin ayaba da na kofi. Wani tudun dole mutum ya sauka ya tura keken da kayansa.

A nan ne mu ma'aikatan jinya muka fi damuwa. Iska mai sanyi tana ruɗin mutum, gumi na fita bai sani ba. A riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama, a kuma lura da launin fitsari: in ya yi duhu, ruwan jiki ya ragu. Ciwon kai, jiri, ɗaurewar tsokar ƙafa, duk alamu ne na a tsaya a inuwa. Ruwan gishiri da sukari da kike haɗa wa yaro mai gudawa shi ne maganin babba a nan: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan rafi kuwa sai an tafasa shi tukuna.

Gangara ta fi hawa haɗari, domin kaya masu nauyi suna tura keke, tsakuwa kuma tana zamar da taya. Hular kwano ba ado ba ce. In mutum ya faɗi ya bugu a kai, daga baya ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko maganar da ba ta da kan gado, tafiya ta ƙare, sai asibiti. Ƙurjewar gwiwa kuwa a wanke ta da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe.

Da yamma

Ruwanda tana kusa da tsakiyar duniya, rana takan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Mai hankali yakan isa masauki da la'asar ya kafa tanti da sauran haske. A Kinunu akwai wurin wanke kofi da ke karɓar matafiya. Daga bakin ruwa ana ganin masunta suna fita a jiragensu da aka haɗa uku-uku, suna waƙa, ɗauke da fitilu, don kamun wani ɗan ƙaramin kifi da ake kira sambaza. Shi ne abincin dare, da wake da dankali.

Tafkin yana da ban sha'awa, ba shi da kada ko dorina, amma an samu tsutsar tsargiya mai kama hanji a wasu gaɓoɓinsa, don haka barin iyo ya fi. Abu na biyu ya fi wannan tsanani: duk sanyin da ake yi, kada a shigar da gawayi ko risho cikin tanti. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci. A rufe ragar tanti saboda sauro, in zazzaɓi ya taso a nemi gwaji ba tare da jinkiri ba.

Abin da za ki tambaye shi

Da wa zai tafi? Kada ya zama shi kaɗai, kuma akwai 'yan jagora na yankin da ake ɗauka.

Yaushe? Daga Yuni zuwa farkon Satumba ne rani. Daga Maris zuwa Mayu ruwa yana mai da hanyar taɓo.

Ya saba? Wanda bai taɓa yin kilomita 40 da kaya kwana biyu a jere ba, ya fara gwadawa a gida.

Yaya lafiyarsa? Mai sikila, asma ko ciwon suga sai ya ga likita tukuna. Tsayin wuri da sanyi da ƙarancin ruwan jiki duk suna iya tayar da ciwon sikila.

Takardu fa? Ya riƙe katin rigakafin cutar shawara, a kuma duba yaushe rabonsa da allurar tetanus. Kada ki ƙulle masa guzuri a leda, domin Ruwanda ta haramta ta tun 2008.

Yaya tsaro? Rubavu tana manne da garin Goma na Kwango, wanda 'yan tawayen M23 suka kama a Janairun 2025. A bi labarai sosai kafin a sayi tikiti, a kuma tsayar da lokacin da zai kira gida kullum.

Yaron da ya amsa waɗannan ba tare da inda-inda ba, ya nuna ya yi shiri. Wanda ya kasa kuwa, ba sai an yi faɗa ba, ki ce masa ya je ya nemo amsa ya dawo. Uwargida, ke fa, in naki ne ya zo da wannan magana, wace tambaya za ki ƙara?