Madubi mai lanƙwasuwa ya buɗe wa masana ƙofar sama

Kowa ya san taurari suna ƙyalƙyali da dare. To, wannan rawa ba ta taurari ba ce, aikin iska ne. Iska mai zafi da mai sanyi suna cuɗanya a sama, sai su karkatar da haske, kamar yadda hanyar kwalta take rawa a idon matafiyi da tsakar rana. Shi ya sa na'urar hangen nesa, komai girmanta, in dai a ƙasa take, hotonta yakan fito dishi-dishi.

A shekarar 1953 wani masani na Amurka, Horace Babcock, ya kawo shawara: a auna karkatar hasken, a gyara ta nan take. Masu binciken taurari ba su cim ma haka ba sai 1989, lokacin da aka gwada na'urar COME-ON a kudancin Faransa.

Ga yadda abin yake. Ana sa ido kan tauraro guda mai haske. Kwamfuta tana lissafa yadda iska ta ɓata haskensa, sa'an nan ta umarci wani siririn madubi ya lanƙwashe daidai da ɓarnar, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. In babu tauraro mai haske a kusa, sai a harba hasken leza sama, wajen kilomita 90, a ƙago tauraron aro.

Gyaran ya fi sauƙi da hasken da ke bayan ja, wanda idon mutum ba ya gani. Wannan haske kuma yana ratsa ƙura, ga shi ƙura ce ta rufe tsakiyar babban garken taurarin da ranarmu take ciki.

A 2001 aka ɗora na'urar NACO a kan babban madubi mai faɗin mita 8,2 a dutsen Paranal, ƙasar Shili. A 2004 ta ɗauki hoton farko na wata duniya da ke wajen iyalin ranarmu. Da irin wannan dabara, ƙungiyar Reinhard Genzel a Shili da ta Andrea Ghez a Hawayi suka bi sawun tauraron S2, mai kammala kewayensa cikin shekara 16. Tafiyarsa ta nuna akwai wani abu a tsakiyar garken, mai nauyin rana wajen miliyan 4, wanda ba a ganinsa: baƙin rami, inda ko haske ba ya kuɓuta. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 2020.

Mu lura, ƴan uwa: ba a tsayar da iska ba, an dai koyi karanta halinta. Tsakanin shawarar Babcock da gwajin Faransa shekara 36 ce. Mai haƙuri yakan dafa dutse.