Filinge: Magani kyauta, bayani da Faransanci

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki. Ba ƙaramin taimako ba ne. Sai dai wanda ya zauna bakin likitar Filinge ranar kasuwa, ya ga matan Kurfai suna fitowa da goyo da takarda a hannu, zai gane akwai sauran aiki.

Ordonansi da Faransanci ake rubuta ta, karnen yaro ma haka. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mata 14 cikin 100 kaɗai suka iya karatu a Nijar, a ƙauye kuwa abin ya fi haka muni. Ke nan maganar bakin ma'aikaci ita ce duk abin da uwa za ta koma da shi gida. Ga layi ya yi tsawo, ga ma'aikacin wata sa'a Bazabarme ne da Hausarsa ba ta nuna ba, ko Bahaushen gabas da Kurfayanci ke ba shi wuya. Matar Bonkuku mai jin Tamajak kuwa sai an nemo mata tafinta cikin masu jira, asirinta ya zama na kowa.

Sannan ga kunya. An tambayi yarinya mai haihuwar fari sunan ɗanta, ta sunkuyar da kai, uwar miji ta amsa. Uwar mijin nan ba ita ta kwana da yaron ba, ba ta san sau nawa ya yi zawo ba. In ma'aikaci ya ce: «Kin gane?», amsa guda ce: «Na gane». Wace 'yar Kurfai za ta ce da malamin likita ya sake?

Dubi rigakafin zazzaɓin sauro na damina, wanda aka soma a ƙasarmu a 2013, ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ranar farko mai rabo ke ba yaro da hannunsa. Ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku kuwa suna hannun uwa, wata bayan wata. In ba a gaya mata cewa na mai lafiya ne ba, sai ta ƙulle su a bakin zane, ta jira ranar da jiki ya yi zafi. A ganinta tattali ta yi. Haka ruwan gishiri da sukari na zawo: ƙunshi guda lita guda yake so, amma wace lita a gidan da ake awo da moɗa?

A ganinmu, laifin ba na matan nan ba ne, kuma gyaran ba ya cin ko dala. Maimakon «Kin gane?», ma'aikaci ya ce: «Inna, faɗa mini yadda za ki ba shi in kin koma gida.» Ya zana rana da wata a jikin kwalin, ya nuna lita da kwanon da ta sani.

Ku kuma 'yan kasuwa da ma'aikata da ake kawo wa takardar likita ku karanta, kada ku tsaya ga faɗin kuɗinta. Ku karanta ta har ƙasa, ƙwaya nawa, sau nawa, kwana nawa.